Faɗin Tarakta, Tazarar Gwaiba

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi ruwan farko jiya. Kowa na murna, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don ruwa a gidan nan ciyawa ce.

Auta ta kira da safe, ta sa yayanta a layi, suka haɗu suka yi mini taron dangi. Maganar dai ita ce ta bara: in gonar nan ta sake komawa daji, za su sayar da ita da gidan gaba ɗaya, su kwashe ni da babansu zuwa birni, gidan benen da Auta ke haya, hawa na uku. Auta ta ce, "Mama, ba rashin kunya ba ce, tsoro muke ji." Na san tsoron me. Bara da tsakiyar damina na fito daga wanka na tarar da maciji a naɗe ƙarƙashin kujerar maigida a baranda, shi kuma yana zaune yana kallona, ba ya iya ɗaga ƙafa, ba ya iya kirana. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai ɗaiɗai, ita ma da ƙyar.

Na ce su ba ni wannan daminar. Na ce tarakta zan saya, 'yar ƙarama, ta hannu ba sabuwa ba, mai injin yankan ciyawa a baya. Sai yayan nata, Babba, ya ce, "Wa zai tuƙa?" Na ce uwarka.

Auta za ta zo tsakiyar Yuni ta gani da idonta. In ta tarar da daji, in haɗa kayana.

Da yamma na faɗa wa maigida. Ya daɗe yana kallon gwaibobinsa, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya gyaɗa kai. To, an ba da izini.

Laraba, 9 ga Afrilu

Masu yankan ciyawar da suka ce za su zo yau ba su zo ba. Haka suka yi mini bara. Ban ma yi fushi ba, ba ni da ƙarfinsa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Baffan yara, ƙanin maigida, ya samo mai sayen tsohuwar motar yayansa da ke zaune a rumfa tayoyi sun lotse. Da kuɗinta za a sayi taraktar. Da aka zo janta na shige ɗakin ɗinki na rufe ƙofa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan motoci daga gari zuwa gari, yau yana kallo ana jan 'yar motarsa da igiya.

Gonar eka uku ce duka, amma a ganina yanzu ta fi ƙasa guda faɗi. Da maigida ya ajiye tuƙi ya cika ta da gwaiba, irin gajerun nan da ake dasawa kusa-kusa, layi bayan layi, yana farawa daga bayan kicin yana yin nisa kowace shekara har ya kai bakin rafi. Ni ban taɓa sa masa hannu ba. Nawa keken ɗinki, nasa gona, kowa da harkarsa. Yanzu ga ni da su duka, har da shi kansa.

Baffa ya ce shi zai riƙa raka ni duba taraktocin, wai mace ita kaɗai dillalai za su cinye ta ɗanya. Mutumin da bai san bambancin birki da kuloci ba. Amma yana da babur, ni ba ni da shi.

Talata, 15 ga Afrilu

Ta farko. Ja, tana sheƙi kamar amarya. Dillalin bakinsa ba ya hutawa, "Hajiya, wannan ko wata shida ba ta yi aiki ba, mai ita tafiya ce ta kama shi." Na sunkuya na leƙa ƙarƙashinta, sai na ga har busasshen taɓon da ke jikin ƙarfen an fesa masa fenti. Na yi shekara talatin ina ɓoye wa mutane yaguwa a riga, ba ni za a ɓoye wa ba.

Na ɗauko hotuna a waya na kawo wa maigida. Ya sa babban yatsa yana faɗaɗawa, ya tsaya a wani wuri da baƙin mai ya jiƙe ƙasa. Ya kalle ni ya girgiza kai. Shi ke nan ta faɗi.

Baffa ya sha mur duk hanyar dawowa, shi launin ya yi masa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yau maigida ya koya mini abu, ya kusa sa ni kuka kafin in gane. Ina zuba masa shayi sai ya kamo hannuna ya ɗora a jikin butar, da zafinta, ya girgiza kai. Ya sake ja ya ɗora a ƙarfen kujerarsa mai sanyi, ya gyaɗa kai. Na ce shayin ya yi zafi? Ya yi tsaki. Na ce sanyi kake ji? Ya buga hannu a cinya. Muka yi ta yi, ni na gaji, shi ya gaji, har ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "In... ji."

Inji. Wato in na je duba tarakta in fara taɓa injin. In da ɗumi, sun riga sun tayar da ita kafin in iso don kada in ga wahalar da take bayarwa da safe. In same ta da sanyi, a tayar a gabana.

Da na maimaita masa daidai ya lumshe ido, ya jingina. Ni ma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, shayin ya huce muna zaune.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ta biyu, injin da ɗumi. Mai ita ya ce rana ce ta buga shi. A cikin rumfa. Da sassafe.

Talata, 22 ga Afrilu

Ciyawa ta kai idon sawu.

Na tuna dole in san faɗin da zai shige tsakanin layukan, kada in sayo abin da zai tsaya a bakin gona yana kallona. Na ɗauki tef ɗin ɗinki na auna tazarar layi na farko da na biyu a bayan kicin, na auna na gaba, na sake auna na gabansa. Duka ɗaya, ko faɗin yatsa babu bambanci. Sai na tuna yadda maigida yake shuka: ba igiya, ba sanda, da ƙafa yake aunawa. Ya taka, ya taka, ya tsaya ya kafa diddige, a nan za a haƙa rami. Kullum adadin takun ɗaya ne. Yakan tsokane ni wai ƙafarsa ta fi tef ɗina gaskiya, ni kuma in ce to a ba shi awon riga ya yi da ƙafar mu gani.

Na yanko ƙyalle daidai tsawon tazarar na sa a jaka. Ban ƙarasa can ƙasa ba, me zan je yi? Ƙafa ɗaya ce ta auna duka. Ga kuma lokacin ba shi magani ya yi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ta uku katuwa ce, Baffa ya kai ni ba tare da ya faɗa mini girmanta ba. Sai da aka kawo benci na taka na hau. Da na zauna ƙafata ko kusa da kuloci ba ta kai ba, tana lilo kamar ta yarinya a kujerar asibiti. Ma'aikatan wurin suka juya baya suna dariya, ina ganin kafaɗunsu na rawa.

"Matar Yaya, wannan ita ce tarakta, sauran duk kayan wasa ne. Ko haya kika ba da ita..."

Na ce ni ba haya nake nema ba, ciyawa nake so in yanke in kwana a ɗakina. Ka sauko da ni.

Na dawo na tarar maigida ya jiƙa wandonsa yana jirana, matar Baffa da na bar masa ta ji nauyin canza shi. Bai kalle ni ba har na gama. Wallahi na gaji da yawon nan.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ba inda na je. Wanki, magani, juya shi, wanki.

Asabar, 3 ga Mayu

Ina jin na samu.

Bakaniken da ke gyara mana injin ruwa ne ya ba ni labarinta. Ta wani dattijo ce, can bayan gari. Shuɗiya ce a da, yanzu rana ta cinye launin, kujerar ta yage soso ya leƙo. Na je ban sanar ba. Na ɗora hannu a injin, sanyi ƙalau. Dattijon ya kalle ni ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce maigidana direba ne. Ya murɗa makulli, ta yi tari sau ɗaya ta kama, hayaƙin ya ɗan yi duhu ya washe. Ba ɗigon mai a ƙasa. Na hau da kaina ba benci, ƙafata ta kai, na danna kuloci har ƙasa. Ƙafar da ta yi rayuwarta tana taka keken ɗinki ba za ta ji tsoron wannan ba.

Na ciro ƙyallena na gwada a injin yankan da ke bayanta, don ya fi ita kanta faɗi. Ya shige, har da ragowar taƙi ɗaya kowane gefe.

Na tambaye shi me ya sa zai rabu da ita. Ya ce 'ya'yansa sun sayar da filin, ƙarshen wata zai koma wurin babban ɗansa. Ya faɗa yana goge sitiyari da gefen rigarsa.

Maigida ya daɗe a kan hotunan, ya sa na kunna masa ƙarar injin da na naɗo har sau uku, kunnensa a jikin wayar. Sannan ya gyaɗa kai.

Laraba, 7 ga Mayu

An kawo ta a bayan babbar mota. Direban ya ce dattijon bai fito ba da ake lodawa, makullin ma ta taga ya miƙo.

Na ɗinka wa kujerar riga da ragowar yadin labule. Ta yi kyau, ko ba wanda ya faɗa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Bakanike na koya mini. Surutunsa ya fi koyarwarsa yawa, amma yana da haƙuri. "Mama, a hankali za ki saki ƙafar, a hankali, Mama, Mama!" Na saki gaba ɗaya, ta yi tsalle ta tafi kai tsaye ta tunkuɗe duron ruwa, ya gangara har bakin baranda yana amai.

Sai na ji wata ƙara a bayana, na zabura na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Maigida ke dariya, baki a karkace, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Rabon da in ji wannan tun kafin ciwon. Na ce yi dariyarka, direban banza, kai ma ai ba da sitiyari aka haife ka ba.

Kafaɗuna kamar an yi mini duka. Amma na yi barci.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na yanke layukan bayan kicin, da na gefen rijiya. Abin da ƙarti huɗu ke yi a yini suna mita, na gama kafin rana ta yi zafi. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika gidan. Na tura wa Auta hoto, ta amso da "Hmm, Mama ke nan." Ban san ko yabo ba ne.

Ina dawowa kowane layi sai in kalli baranda, shi kuma ya nuna da hannu, sauke injin kaɗan, ko rage gudu. Ya samu aikin yi.

Talata, 20 ga Mayu

Ruwa kwana da kwanaki. Can ƙasa wajen rafi ciyawa ta kai gwiwa. Da ƙasa ta sha iska zan shiga.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na wuce tsakiyar gona lafiya. Sai na fara jin rassa na shafar tayoyi, na ce ko ni ce na karkace. Layi na gaba na ji ƙiii, na waiga, injin yankan ya saɓule wa wata gwaiba fata, farin jikinta a waje. Na ja baya na gwada layin da ke gabansa. Ko kai bai shiga ba. Ta tsaya cak tsakanin bishiyu biyu.

Na kashe ta na sauko na koma gida na ɗauko tef. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, zanina ya jiƙe sharkaf. Daga tsakiya zuwa rafi, kowane layi ya fi na bayansa matsewa. Da farko da faɗin yatsa biyu, sannan taƙi, sannan abin ya yi yawa. Na ƙarshen, na bakin rafi, waɗanda ya dasa 'yan watanni kafin ya faɗi, tazararsu da ƙyar ta wuce rabin ta bayan kicin. Da yake bishiyun ƙanana ne, daga nesa sai ka ga kamar fili ne a tsakani.

Adadin takun bai canza ba, na san shi, ba zai taɓa ragewa ba. Takun ne ya gajarce. Ƙafar ta daɗe tana ja, shekara biyu ko fiye, yana zuwa nan yana jan ta shi kaɗai, ya dawo ya wanke hannu ya ci abinci ya ce mini gona lafiya.

Na zauna a kan taya na yi kuka mai isata. Rabi tausayi, rabi haushi, ban san wanne ya fi ba. Kusan rabin gonar ke nan taraktar ba za ta shiga ba, kuma rabin da ya fi ciyawa, inda macizan suke fitowa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na tambaye shi ina shafa masa mai a ƙafar. Na ce tun yaushe ta fara? Ya juya fuska bango. Na ce da ka faɗa, da an je asibiti tun da wuri. Ya rufe ido. Na ci gaba da shafawa, me ya rage.

Laraba, 28 ga Mayu

Bakanike ya juya tayoyin ciki don ta rage faɗi. Ta ragu, amma injin yankan yana nan yadda yake, kuma shi ne matsalar. Ya buga waya wurare, babu ƙarami, sai dai a yi oda, ya iso bayan damina. Bayan damina ina hawa na uku ina kallon rufin mutane.

Dattijon ya riga ya tashi. Ko yana nan ma, da wane ido zan mayar masa?

Asabar, 31 ga Mayu

Na ce bari in gwada da adda. Layi ɗaya da rabi na yi, bayana ya riƙe, da rarrafe na fito daga ciki. A hanya na ga saɓar maciji a kan kututture, sabuwa, ba ta ko bushe ba.

Litinin, 2 ga Yuni

A kwance. Matar Baffa ce ke juya mu, mu biyu, kamar kifi a kasko.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na miƙe. Ina kwance na yi ta lissafin abin, hanya ɗaya ce: daga tsakiya zuwa rafi a cire layi ɗaya a bar ɗaya. Sai ta shige ko'ina, waɗanda suka rage ma su samu iska.

Na zauna a gabansa na yi masa bayani a hankali, har da zane a ƙasa da tsinke. Ban gama ba ya ce, "A'a." Tas ta fito, ba in'ina, ba karkacewa. Tun da ya kwanta ban ji kalma ta fita daga bakinsa da kyau haka ba, kuma sai ta zama wannan.

Na ce, Malam, ko su ko gidan. In Auta ta zo ta ga wancan dajin, ba gwaiba ɗaya da za ta rage mana, wani ne zai zo ya tumɓuke su duka ya yi gini. Ya ɗauki kofi ya buga a hannun kujera har ruwan ya fantsamo mini. "A'a."

Su ne na ƙarshe da ya dasa da ƙafarsa. Na sani. Ai ni na auna su.

Asabar, 7 ga Yuni

Na roƙi Baffa ya yi masa magana, namiji da namiji. Ya shiga, ya zauna, suka kalli juna, ya fito yana sosa ƙeya. "Matar Yaya, ni fa ba zan shiga tsakanin Yaya da gwaibarsa ba. Tun muna yara in ya ce a'a..." Na ce na gode, gaida gida.

Na sake gwadawa da yamma. Wannan karon ko amsa bai ba ni ba.

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa tsallake a'arsa ba. Na yi mita, na yi gaba, na ƙi magana kwana biyu, amma in tsallake, ban taɓa ba. Ko da ya kwanta, ko kaza zan sayar sai na je gabansa ya gyaɗa kai, don kada ya ji ciwo ya sauke shi daga kujerarsa. Yanzu ga ciyawa ta kai ƙugu, ga Auta Asabar mai zuwa.

Litinin, 9 ga Yuni

Na ɗaura jan ƙyalle a jikin waɗanda za su tafi. Ɗaurin ma ya ƙi yin kyau.

Talata, 10 ga Yuni

An yi.

Mai injin yankan itace ya zo da safe. Kafin ya fara na je na faɗa wa maigida, a tsaye, ban zauna ba don in na zauna ba zan iya ba. Na ce yau za a cire su, ka yafe mini. Na juya kujerarsa ta kalli ƙofar gida don kada ya gani. Ya kama zanina da hannunsa mai lafiya, ya nuna a mayar da shi yadda yake. Na mayar.

Ya kalla daga farko har ƙarshe. Ba su da kauri, kowace ɗaya injin na taɓa ta sai ta kwanta, wasu da 'ya'ya ƙanana kore a jiki, haihuwar farko. Mutumin yana yi yana waƙa, bai san komai ba, Allah sarki. Na ce ya yanke su daidai da ƙasa don kada kututture ya kama injina.

Injina. Ji ni fa.

Da rana na kai masa abinci ya rufe baki. Da yamma ma haka. Sai da Baffa ya zo ya ba shi ya karɓa, cokali kaɗan.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na yanke har bakin rafi. Ta shige ko'ina, ba inda ta taɓa. Da na kai ƙarshe na kashe inji na ji ƙarar ruwa, ashe daga gonar ana jin rafin, ban taɓa sani ba.

Ina juyowa kowane layi idona na zuwa baranda da kansa. Yana zaune, hannunsa a cinya. Bai ɗaga ba.

Magani yana karɓa daga hannuna, abinci sai daga na Baffa.

Asabar, 14 ga Yuni

Auta ta zo. Ta ajiye jaka ta tafi gona da takalminta na birni, ta bi har ƙasa ta dawo. Ta tsaya tana kallona, kai da ƙura, hannu da baƙin mai. Ta ce, "Mama, kin rame." Sannan ta ce, "Amma wurin ya yi fes." Ta kira yayanta ta juya masa waya yana gani, na ji yana cewa to, to, Alhamdu lillahi, a bar su.

A bar mu. Abin da na yi ta wahala a kansa ke nan, kuma da aka faɗa ban ji komai ba sai son in kwanta.

Ta durƙusa gaban babanta tana ce masa, "Baba, kun zauna, ba inda za ku." Ya shafa kanta. Ta tambaye ni me ya same shi ya yi shiru haka. Na ce gajiya ce.

Laraba, 18 ga Yuni

Auta ta koma. Jiya ya karɓi abinci daga hannuna, ya ci rabi, idonsa a kan kwano. Ba ya fushi yanzu, ina ga. Ya dai daina duban wajen gonar, sai wajen hanya.

Ciyawar bayan kicin ta sake tasowa, gobe sai in bi ta.

Ginshiƙin ƙofar gona na hagu yana takura mini, kullum sai na ja baya sau biyu kafin in shige. Maigida ne ya gina shi da hannunsa shekarar da muka tare. Na kira magini ɗazu ya duba, na ce ya rushe shi ya matsar da shi gefe, ranar Asabar zai zo da siminti. Na kuma ce wa bakanike ya nemo mini 'yar tirela ta ɗibar rassan nan, sun fara bushewa a inda suka faɗi.

Sai yanzu da nake rubutawa na lura ban je gabansa da maganar ginshiƙin ba. Ba ƙi na yi ba. Ban tuna ba ne.

Man dizal ya kusa ƙarewa.